Kwalbar da Ke Cikin Durowar Maɓallai

Duk layin sun san telan nan da abu biyu: ba ya cika alkawarin ɗinki, kuma ba ya makara in an ce ƙanensa yana buƙatar jini. Auta da sikila aka haife shi. Shekara da shekaru, da an kira daga asibiti sai tela ya sauke ƙafa daga kan keke, ya bar rigar mutane babu hannu, ya je ya bayar. Yana ji da wannan ƙwarai, har tabon allurar yakan nuna wa masu kawo ɗinki ko ba su tambaya ba.

Wata rana Auta ya shigo shago da sabuwar kwalbar magani. Ya ce likita ce ta rubuta, wai yana fitar da sinadarin ƙarfen da yawan ƙarin jini ke tarawa a jiki.

Tela ya ajiye almakashi. "Wato ni ina zuba maka, kai kana zubarwa? Ai shi ne amfanin jinin!" Ya karɓe kwalbar ya jefa cikin durowar maɓallai. Auta bai taɓa yi wa yayansa musu ba, ranar ma bai yi ba.

Auta ya yi aure, shekara shida shiru, babu ko ɓari. Tela, mai 'ya'ya bakwai, shi ya raka shi jin sakamakon gwaji, suna tafe yana tsokanarsa wai ragwanci ne kawai.

Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ƙarfen ya taru a jikin Auta har inda ake yin maniyyi, kuma in ya yi wa ƙwayoyin halittar wurin yawa, mutuwa suke yi. Waɗanda suka rage kaɗan ne, haihuwa za ta yi wuya. Ta duba fayil, ta ɗago kai.

"Maganin da na rubuta maka, wa ya ce ka daina?"

Tela ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Tsoro ne ya riƙe shi, ya kuma san tsoro ne.

"Ni na daina, likita," in ji Auta. "Ɗaci gare shi."

A hanya ma Auta bai tayar da zancen ba, sai cewa ya yi, "Yaya, koma shago, mutane na jira."

Tela ya koma, kunya kamar ta kashe shi. Ya jawo durowa, ya tona maɓallai. Kwalbar tana nan, ko ledar bakinta ba a ɓare ba. Auta bai taɓa ɗanɗana ko ƙwaya ɗaya ba, balle ya san ɗacinsa.