Sa Hannu da Kurkunu a Ƙafa

Shekarar da aka buɗe makarantun firamare kyauta, kurkunu ya kwantar da ni tun farkon damina. Lokacin ina ɗinki a zauren gidanmu da ke Wambai. Ba ni da shago a kasuwa, ba na ƙarƙashin kowa, duk wanda ya kawo yadi shi ne maigidana na wannan makon. Garin kuwa har lokacin Abuja muke ce masa, ko da yake an fara maganar za a karɓe sunan a ba sabon birnin da za a gina.

A idon sawun dama ya fito mini, ƙafar da na fi taka keken ɗinki da ita. Kullum da safe matata za ta zauna ta naɗe ɗan abin da ya leƙo a jikin tsinke, a hankali don kada ya katse. Keke na rufe da tsohon zane, ni ina kwance a tabarma ina kallonsa.

Matata tana da ƙane direba, yana jigilar kaya tsakanin garinmu da Kaduna. Shi ya zo mini da labarin wani kamfani a can da ya samu kwangilar kayan makaranta na ƙauyukan wajen Garam, yana rarraba aikin ga teloli. Su za su ba da yadi, kai ka ɗinka. Ya nuna musu rigar jikinsa, ɗinkina ce, suka ce sun yarda. Sai dai ba sa sakin yadi sai an sa hannu a takardar yarjejeniya.

"Ka ga halin da nake ciki," na ce masa.

"Yaya, ai takarda ba ta da nauyi. Ni zan kawo maka ita har tabarma."

Ya kuwa kawo. Da yake da Turanci aka buga ta, na aika aka kira maƙwabcinmu, wani dattijo mutumin kudu da ya yi aikin akawun kotu har ya yi ritaya, yana haya a gidan da ke kallon namu. Baba Akawu kowa ke ce masa. Ya karanta mini layi-layi da Hausarsa mai karkacewa, ya sa aka manna kan sarki a ƙasa, na sa hannu a kai. Shi da limamin unguwarmu suka zama shaidu.

Da direba ya dawo daga Kaduna, takardar ya miƙo mini maimakon yadi.

"Yaya, sun ce ba a gabansu ka sa ba."

Baba Akawu ya buga sandarsa a ƙasa. "Tela, babu dokar da ta ce sai a gabansu. Hannunka ne, ga shaidu, ga kan sarki. Ko a bakin teku ka sa, magana ta zauna." Liman ma ya ce a littattafan da ya karanta, ciniki ta hanyar ɗan aike ko wasiƙa ya halatta muddin an yarda. Duka biyun sun ba ni gaskiya, yadi kuma yana Kaduna.

Baba Akawu ya rubuta musu bayani, direba ya koma da takardar. Suka ce to a buga hatimin kotu. Aka goya ni a keke zuwa kotu, na wuni a benci ƙafa na zogi, aka buga. Takarda ta sake hawa mota. Wannan karon wanda ya nemi hatimin ya tafi hutu, wanda ya maye gurbinsa ya ce shi bai san zancen ba, mai aiki ya zo da kansa. Gero ya riga ya fitar da kai a bayan gari. Takardar ta yi laushi saboda ninkewa, gefenta ya sha baƙin mai.

"Malam, ka haƙura da aikin nan," in ji matata. "Ƙafa ɗaya ba a sayar da ita a kasuwa."

Na ce mata tun farkon damina ban ɗauki allura ba, buhun dawa kuma ita ta fi ni sanin inda ya kai. Ta ɗaure mini ciwon da tsumma mai tsabta.

A gaban mota aka zaunar da ni, ƙafar a kan buhu. Ruwa ya cinye hanya, kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Ofishin kamfanin a saman bene yake. Da zama na hau matakalar, ina ja da baya, direba na riƙe da ƙafar.

Akawun da muka tarar saurayi ne, yana cin gasasshiyar masara. Bai karɓi tsohuwar takardar ba. Ya jawo sabuwa daga aljihun tebur, ya turo mini da biro, ya juya yana gardamar ƙwallo da abokin aikinsa.

Na riƙe biron na jira. Da na ga ba shi da niyyar juyowa na ce, "Malam, ga shi zan sa. Ko za ka duba?"

"Sa mana, wa ya hana ka?" Ko waiwayowa bai yi ba.

Na sa. Ya jefa ta cikin wani kwali, ya ce a je sito a ɗauki yadi. Matakalar da zan sauka kawai nake tunani.

A hanyar dawowa kurkunun ya katse. Kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Da na ɗan samu kaina, buɗe makaranta ya matso, ga bandir-bandir na yadi jingine a zaure. Muka aro keken hannu wajen wata ƙawar matata. Ina zaune a ƙasa, ƙafa miƙe, hannu ɗaya na juya keke, ɗaya na tura yadi. Ita tana kafa maɓalli tana kalmasa baki. Kafaɗata ta riƙe, har cokali ba na iya ɗagawa da daɗi.

Baba Akawu yakan leƙo da yamma, har lokacin ransa a ɓace. Ya ce in ba shi izini ya rubuta ƙorafi, don abin da aka yi mini ba ya kan doka.

"Baba, in sun ce in zo in maimaita a gabansu fa?"

Sai ya jawo kujera ya shiga taya mu ninke wanduna.

Mun gama a ƙurarren lokaci. Direba ya loda kayan ya kai Garam, ban ga ko yaro ɗaya sanye da su ba. Ƙafar ba ta ɗauke ni ba sai bayan an yi girbi, kuma har yau in hadari ya haɗu nakan ji ta. Da shekara ta zagayo kamfanin ya sake aiko wa teloli. Na ce wa direba ya gaishe su, na ci gaba da ɗinka wa mutanen unguwa rigunan sallah.