Tabon manja a farar rigar Mama Saratu

Da safen nan ina buɗe shago Rifkatu ta kira ni. Wai mahaifiyarta, Mama Saratu, ta rasu a Garaku.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Kun san ni a Keffi. Shagon wanki da guga biyu, inji huɗu, kuma kullum ina faɗa a nan cewa ba wanda ya ɗaga ni. Gaskiya ne na sha wahala. Amma akwai abin da ban taɓa rubutawa ba.

Da na bar makaranta a aji uku na sakandare, Mama Saratu ce ta karɓe ni a bayan gidajen malamai, inda take wankau. Ita ta nuna mini cewa jini ruwan sanyi yake so, bula, shuɗin farin kaya, kaɗan ake ɗigawa, manja kuma sabulu da rana ne maganinsa. In na ƙona hannu da dutsen guga, ta hura mini, sannan ta yi mini faɗa. Ranar da ba kaya ma sai ta raba ɗumamenta biyu.

Dokarta ɗaya ce: ba a ɗora dutsen guga a kan tabo. Zafi zaunar da shi yake yi.

Wata uku da suka wuce ta zo shagona da farar rigarta ta zuwa coci, manja ya ɗiga a ƙirji. Ta ce idonta ya daina gani sosai, in wanke mata da hannu. Ni kuwa so nake ta ga injina. Na jefa a ciki, na busar, na goge, ina ta ba ta labarin inda na sayo shi. Ban duba ba.

Ta kai rigar bakin ƙofa, ta kusanto da ita fuskarta.

"Bitrus, ɗana, wuta ka sa wa tabon?"

Na yi dariya a gaban ma'aikatana, na ce Mama, aikin zamani ya wuce nan, ki bar ta, sati mai zuwa zan kawo miki da kaina.

"To, Oga. Ina jira."

Garaku ba nisa. Ban je ba.

Rifkatu ta ce a cikin wannan rigar Mama ta ce a binne ta, kuma jibi ne jana'iza. Ta tambaya ko an gama wankin.

Na kashe injina. Na ɗauko baho, na goga wa rigar sabulu, na cuɗa da hannuna yadda ta koya mini. Sau uku ke nan. Tabon ya dushe, amma ina ganinsa. Na shimfiɗa rigar a kan kwanon rufi da kumfarta, ga hadari ya haɗo tun hantsi.

Duk abin da na iya, a bahon matar nan na koya. Ya kamata in faɗa tana ji.

Ubangiji ya ba ki hutawa, Mama, ya ta'azantar da Rifkatu da ƙannenta.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ku roƙa mini rana kuma, ko ta gobe kaɗai.