Kwaɗin Kawu da Silifas Ɗina a Tekun Tuwal

Ana sallame sallar asuba ranar Alhamis muka bar Karantina, unguwarmu a Jidda, ni da kawuna da wani maƙwabcinmu mai wanet, irin motar da 'yan gida ke kira a-kori-kura. Tuwal muka nufa, ƙauyen masunta a kan hanyar Madina. Kawu ya zauna gaba, ya rungume gwangwanin madara a cinya kamar mai ɗauke da ƙwai, ni kuwa aka jefa ni baya tare da tulun ruwa.

Sai na faɗa muku dalilin tafiyar. Kawu Basarke ne, jinin masunta, daga Yawuri, a cikin kwale-kwale ya girma. Ya zo hajji da ƙuruciya bai koma ba, ya zama mai facin taya a bayan kasuwar Bab Makka. Bana ya ƙudurta komawa ganin gida, sai wani alhaji ya kawo masa saƙon yayansa: wai a tambaye shi ko hannunsa ya san fatsa har yanzu, ko kuwa roba ta cinye shi. Mu dariya muka yi, Kawu bai yi ba. Wannan magana ta ci masa rai, domin ga Basarke a ce ya manta ruwa daidai yake da a ce ya manta sunan ubansa. Ya rantse cewa da robar nan da ake masa gori zai kama kifi, a ɗauke shi hoto ya kai. Sati biyu yana narka roba mai laushi a gwangwani yana zubawa cikin ramukan da ya sassaƙa a katako. Duk unguwa ta sha wari, matarsa ta kore shi daga tsakar gida har sau biyu.

Hanya shimfiɗaɗɗiya ce, dama yashi, hagu yashi, sai raƙuma da ke tsallakawa ba sallama. Mun tsaya a wata gahawa mai dogayen kujerun igiya, muka karya da dafaffen waken da suke kira ful da gurasar tamis mai zafi. Butar shayi rabin riyal ce, amma mai gahawar ya zuba sukari kamar yana fushi da shi.

Hantsi ya ɗaga muka isa. Muka daidaita da wani dattijo mai huri, ƙaramin kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya. Direbanmu ya dubi hurin, ya dubi teku, ya ce shi gadin mota ya fi dacewa da shi. Ni da aka haifa a Jidda ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwata ba, na shiga ina karanta duk addu'ar da na sani. Amma da muka ɗan yi nisa tsoro ya gudu. Ruwan garau yake, kana hango duwatsun murjani a ƙasa, ja da ɗorawa, kifaye suna zirga-zirga kamar mutane a kasuwa.

Nan Kawu ya buɗe gwangwani. Ashe kwaɗi ya ƙera, baƙaƙe ƙanana da ƙafafunsu, da tana mai launin ƙasa. Mai huri ya ɗauki ɗaya ya juya, ya tambaye ni wace dabba ce wannan. Da na yi masa bayani ya yi dariya har hurin ya karkata, ya ce tun kakanninsa ba a taɓa ganin kwaɗo a ruwan gishiri ba. Kawu ya murtuke, ya ce da kwaɗo ubansa ya kama giwan ruwa mai tsawon mutum.

Aka jefa fatsa. Abin takaicin shi ne muna ganin komai: kifi ya zo, ya zagaya kwaɗon, ya dube shi, ya wuce abinsa. Haka har rana ta take. Mai huri ya miƙo jatan lande, ya ce halas, ya isa haka, a sa wannan a huta. Kawu ya girgiza kai. Na ga zufa na bin gemunsa, tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Can ya naɗe igiyar, ya daina kallon kwaɗinsa, ya koma kallon ruwa. Ya daɗe a haka. Wasu 'yan ƙananan kifaye farare suna tsalle a sama, manya na bin su. Sai ya juyo ya dubi ƙafata.

"Ɗan nan, ba ni takalminka na dama."

"Kawu, sabo ne fa."

"Yalla, miƙo. Na ƙera abincin kifin kogin Kwara na kawo wa baƙi, laifina ne."

Da wuƙar faci ya yanko farar igiyar silifas ɗin, ya fere ta siririya, ya tsaga wutsiya biyu, ya ɗaura 'yar dalma a kai. Ya jefa, yana jan igiya yana saki da yatsa biyu, robar tana karkaɗa wutsiya kamar mai rai. A jifa na uku igiya ta miƙe har ta yanke shi a yatsa. Bai ko duba ba. Ya saki, ya ja, ya saki, yana magana da kifin ƙasa-ƙasa da harshen da ban taɓa jin yana yi ba. Sai ga kifin da suke kira najil, jajir da ɗigo-ɗigon shuɗi, ya fi tsawon kamu. Mai huri ya yi kabbara. Kawu kuwa ya zauna yana dariya hawaye na zuba, ni ma na taya shi duka biyun.

Kafin la'asar mun ƙara kifaye shida, hamur biyu da sha'ur huɗu, igiyar silifas ta ƙare. Kawu ya fara kallon ƙafata ta hagu, na zaune a kanta. A bakin ruwa aka soya mana ƙananan, muka ci da sayadiyya, shinkafar nan mai ƙamshin albasa. Mai huri ya roƙi kwaɗo ɗaya, wai zai rataye a ƙofa.

Mun shigo Jidda gab da magariba, Kawu ya ce kai tsaye shagon mai hoto a Bab Makka. Mai hoto ya toshe hanci, amma ya ɗauka. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne gwani na gaske ba a kayansa gwanintar take ba, a idonsa take, da kuma yarda ya ce ya yi kuskure. Jiya aka wanko hoton. Kawu yana tsaye ƙirji a buɗe, najil a hannu, ni a gefensa ƙafa ɗaya ba takalmi. Na roƙe shi a yanke ƙasan hoton, ya ce a'a, ƙafar nan ita ce shaidar da zai nuna wa yayansa.