Kunyar da Ta Kai Ni Asibitin Kuɗi

Salamu alaikum jama'a. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Waɗanda suka tambaya na ce musu na tafi Abuja ɗinkin biki. Ba inda na je. Ina nan garin Lafia, kwance rub da ciki.

Ciwon a wurin da ba a faɗa yake. Ni kuwa tela ne, zama shi ne sana'ata.

Da farko zafi ne in na yi bayan gida. Na ce basir ne, wa ba shi da shi? Na sayi maganin masu lasifika a kasuwa, na shanye jarka guda, ba abin da na samu sai gudawa. Daga baya wurin ya kumbura ya fara ruwa, na koma taka keke a karkace. Sai zazzaɓi.

Matata ce ta ga tabo a wandona wajen wanki. Ta ce, "Baban Walid, gobe asibiti. Ko ka je da ƙafarka, ko in kira yayanka ya kai ka."

Na je da ƙafata. Asibitin gwamnati, na yanki kati, na bi layi tun safe har azahar, aka auna jini da suga. Likita ya duba ya ce, "Oga, wannan ya wuce basir. Maruru ne ya fashe ta ciki ya yi hanya. Sai tiyata, bayan tiyata kuma kullum sai an wanke wurin."

Na tsorata, amma kuɗin da ya faɗa bai fi ƙarfina ba. Aka ba ni rana, aka ce in je in ga ɗakin da za a kwantar da ni.

Ina shiga, wa zan gani? Mama Ƙarama, ƙanwar surukata, cikin fararen kaya. Ashe ita ce babbar nas a ɗakin. Matar da nake tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe ta, wadda ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba.

Ta ce, "A'a, surukina! Waye ba lafiya?"

Na ce wani abokina na zo dubawa.

Na fito da sauri. In kwanta in buɗe wa wannan matar bayana kullum safe? Wallahi a lokacin gani nake gara mutuwa.

Washegari na nufi asibitin kuɗi. Matata na ce mata na gwamnati babu gado.

Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta ce, "Kana da inshora?" Na ce ni tela ne. Ta ce, "To kash ne, kuɗi hannu. Sai ka yi difozit kafin dokta ya taɓa ka."

Duk awon da na yi can, aka sake shi a nan. Kuɗin tiyata ya ninka na gwamnati sau nawa. Gado da kuɗinsa, allura da kuɗinta, har safar hannu da auduga. Gaskiya sun kula da ni, aikin ya yi kyau. Amma kafin a sallame ni adashena ya tafi, kuɗin da na ajiye na hayar shago ya bi shi, ga wankin ciwo kullum sai an biya.

Ranar da na ce wa matata babu ko sisi, ta ce, "Kai dai ka warke, an samu." Ban tambaye ta ina ba. Ina ganin ban so in sani ba ne.

Sai da muka koma gida unguwarmu Akurba na ga rumfar ƙofar gida wayam. Injin markaɗenta, wanda ta yi shekaru tana sayar da kunu kafin ta saye shi, ta sayar.

Da yamma sai ga Mama Ƙarama ta zo dubiya, labari ya kai mata. Ta zauna daga bakin ƙofa, matata na tsaye da tiren ruwa.

Ta ce, "Surukina, ashe ranar nan kai ne abokin? Haba! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ka faɗa min, namiji zan sa ya yi maka, ni ko labulenka ba zan ɗaga ba. Ai haka muke yi in an kawo namu."

Matata ta dube ni. Ta ce, "Dama akwai gado?"

Ban iya ɗaga kai ba. Ta ajiye tiren ta shige ɗaki.

Alhamdulillahi na warke, na koma kan keke. Na gode wa Allah, na gode wa likitocin duka biyu, na gode wa Mama Ƙarama. Maman Walid kuwa ban da bakin gode mata.

Shawarata: in ka ga jini ko ruwa a wurin nan, bar masu lasifika, je asibiti. In kana jin kunyar wani ma'aikaci, buɗe baki ka nemi a canza maka, ana yi. Kafin ka koma asibitin kuɗi, sa su faɗa maka kuɗin komai har na wankin ciwo, kuma ka tambayi yadda mai sana'ar hannu ke shiga inshora tun kana da lafiya.

Har yanzu kullum safe mata na zuwa markaɗe da bokitan gero, Maman Walid tana fitowa tana ce musu su ƙarasa gaba.

Wanda ya san inda ake sayar da injin markaɗe, ko na hannu ne, don Allah ya yi mini magana.