Sauran Tatsuniyar 'Yar Zabuwa

Duk wanda ya ce son jirgin yaƙi nake yi, bai san ni ba. A shagon ɗinkin da nake aiki a cikin garin Birnin Gwari, Matar Soja suke ce mini, wai don da na sauke ƙafa daga kan keke sai in ɗauki waya in shiga wasan tuƙin jirgi. Uwar ɗakina ta ce miji nake nema a cikin sojan sama. Wani malaminmu na sakandare kuwa cewa ya yi in dage, wata rana zan zama matuƙiya. Duk sun yi kuskure. Ni ko tsani na hau sai kaina ya juya. Tsoro ne ya koya mini jirage, kuma har yau shi ne yake sa ni buɗe wayar.

Na san su kam. Na san mai inji ɗaya da mai biyu, na san wanda ya fi gudu da wanda ya fi iya juyi, da wanda zai daɗe a sama bai nemi mai ba. A zauren da muke musu a waya maza ne zalla sai ni, kuma su abin da ya dame su shi ne wane jirgi zai kayar da wane. Ni ƙara nake bi. In an turo bidiyo, ido nake rufewa in saurara. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Kakangi, gidajen ba su da yawa, daga gonakinmu sai daji. Kakata, mahaifiyar babanmu, Iya muke ce mata. In damina ta ja baya, dawa ta yi kai amma ba a kai ga yanka ba, ana idar da Magariba za ta hura wuta a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu cika tabarma. Ita ba ta hawa tabarma. A kan dandariyar ƙasa take zama, ta miƙe ƙafafu, ta dafa tafin hannunta na hagu a ƙasa, haka za ta zauna har a tashi. Mun ɗauka ciwon baya ne.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "ku matsa mata ta zauna."

Mu ce, "Ta zauna mu ji."

Iya tana da doka guda. In ta fara tatsuniya wani abu ya katse, ba ta ƙarasawa sai duk waɗanda aka fara da su sun sake hallara. Ko fitsari ka tafi, jiranka za a yi, sauran yara suna zaginka.

Ina shekara goma sha ɗaya jirage suka fara bin samanmu, saboda ɓarayin da suka cika dajin. Ba a taɓa jefo mana komai ba. Amma manya sun ce daga can sama wutar gida da wutar ɓarayi duk ɗaya ce, kuma mai gudu da mai laifi ba su da bambanci. Sai Baffa Isuhu, ƙanen babanmu, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya kafa mana ƙa'ida biyu. In jirgi ne, a kashe wuta, kowa ya kwanta inda yake, kada a motsa. In mashinan ɓarayi ne, kada a tsaya ɗaukar ko takalmi, a faɗa cikin dawa. Saboda haka sai an san wanne ne kafin a san abin yi, kuma sai an sani da wuri.

Ni aka ɗora wa wannan aiki, don na fi kowa ji. Kunnen Gida suke kirana. Wurin zamana bakin wuta ne, da ƙwaryar yashi a gefena. Ni na raɗa wa jiragen suna. Akwai Mai Tsawa, wanda kafin ka ji shi ya wuce, shi ba ya ba ni tsoro sosai. Akwai Mai Lugude, mai saukar ungulu, ƙararsa kamar mata biyu a turmi ɗaya. Sai Mai Gurnani, mai farfela, wanda ba ya sauri, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, kamar mai neman abin da ya yar. Shi na fi tsoro. Na yi alfahari da aikin, ba zan ɓoye ba. Amma tun daga lokacin rabin tatsuniya nake ji, don kunne ɗaya yana wurin Iya, ɗayan yana sama.

Ranar da nake son ba da labari, Iya ta ɗauko wata da ba mu taɓa ji ba.

Wai wata zabuwa ce ta ƙyanƙyashe 'ya'ya da yawa a gefen fadama, shaho yana ɗauke mata ɗaya bayan ɗaya. Sai ta zaɓi ƙaramarsu mai kaifin ido, ta ce, ke aikinki kallon sama. 'Yar zabuwa ta riƙe aikin da gaske. Ta koyi inuwar shaho, ta koyi ta shirwa, ta gane ta mikiya tun tana ɗigo, ta san ungulu ba ruwanta da mai rai. Tana yin ƙara, kowa ya lafe a ciyawa. Ba a sake ɗaukar ko ɗaya ba. Amma 'yan uwanta suna tsattsaga suna ƙiba, ita tana ramewa, har wuyanta ya sandare, ko ta so duban ƙasa ba ta iyawa.

Ummi ƙanwata ta ce, "Iya, to ba ta jin yunwa?"

"Tana ji mana, ke da kika cinye gyaɗar mutane. Rufe baki in ci gaba." Iya ta rage murya. "Ana nan ana nan, sai wani muzuru ya biyo ta cikin ciyawa, ciki a ƙasa, a hankali, a hankali. Ita kuwa idonta yana sama..."

A nan na ji shi. Gurnani ne can nesa, ta wajen yamma, yana tashi yana sauka.

Na ce, "Mai Gurnani ne!" Na kife yashi a kan wutar.

Duhu ya rufe mu, kowa ya kwanta. Na ji Baffa daga zaure yana cewa, "A lafe, kada wanda ya ɗaga kai." Ummi ta cusa fuskarta a cikina. Ina jin warin gyaɗar da ta ƙone da bugun zuciyata. Ƙarar tana ƙaruwa, ni kuma ina jira ta juya ta koma kamar yadda ya saba. Ba ta juya ba. Wani abu a raina ya ce mini wannan gurnanin ya cika kauri, kamar ba baki ɗaya ke yin sa ba. Ban sauya magana ba. Na riga na faɗa, kuma ban taɓa kuskure ba.

Sai muryar Iya, ba ta ko ɗaga ta ba: "Zulai, jirginki yana taka ƙasa?"

Sai kuma ta ɗaga murya:

"Ƙasa tana motsi. Ku tashi! Isuhu, mashina ne! Ku tashi, dawa!"

Ban san yadda muka tsallake danga ba. Na san dai na ja Ummi har hannunta ya goce, na san ganyen dawa ya yanke mini fuska, na san Iya tana bayanmu tana haki tana tura ƙananan da gwiwa. Mun kwanta a tsakanin kunyoyin dawa, bakinmu a ƙasa. Fitilun mashinan suna ratsowa ta tsakanin kara, ana harbi, ana kiran mutane su fito. Iya ta toshe bakin Ummi da gefen zanenta. Na yi fitsari a kwance, ban ma sani ba sai da sanyi ya kama ni.

Mu mun tsira. Baffa Isuhu bai tsira ba, don zaure yana bakin hanya, kuma yana kwance yana jiran jirgi ya wuce. Da tun farko na ce mashina ne, da yana cikin dawa tare da mu. Wata huɗu ya yi a hannun ɓarayin. Ya dawo a rame, yana jan ƙafa, kuma har yau bai ce mini komai a kan ranar ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan haka muka watse. Mu muka dawo gari, Iya ta koma wurin Gwaggo a Gayam.

Shekara tara ke nan. Ranar da na fara riƙe babbar waya, abin da na fara nema shi ne ƙarar jirgi mai farfela. Na saurara har caji ya ƙare. Daga nan na faɗa wasan tuƙi. Jarrabawar da na faɗi nake sake zaunawa kullum, in ji, in canka, in duba ko na yi daidai. Ina cin ta yanzu, ba kuskure. Amma ko jiya da wani ɗan acaba ya wuce bayan shago, sai da allura ta soke ni.

Iya kuwa ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, saboda dokarta. Ummi ta roƙa har ta gaji. Duk Sallah in an taru a Gayam, ni ce ba na zuwa. In ce hanya ba kyau, in ce ɗinki ya yi yawa. Hanyar ba kyau ɗin, gaskiya ne, amma ba ita ce ta hana ni ba. Ni na san wace ce 'yar zabuwa. Ina tsoron in zauna a gaban kowa, Baffa yana ji, Iya ta faɗi abin da muzuru ya yi saboda wata mai sandararren wuya.

A cikin wasan ne na gane wani abu, kuma ya ba ni haushi da ban gane da wuri ba. Wata uku na yi ina tashi ni kaɗai, kullum sai an harbo ni ta baya. Wani a zauren ya ce, "Malama, ke wa ya ce miki ana fita shi kaɗai? Bibbiyu ake tashi. Kina duba gabanki, ɗan uwanki yana duba inda idonki ba ya kai." Na ajiye wayar a kan keke. Abin da ya faɗo mini shi ne hannun Iya a ƙasa. Ba ciwon baya ba ne. Kunnenta ya yi nauyi tun kafin a haife ni, ba ta jin sama, sai ta riƙe ƙasa. Ba ta taɓa barin gida a kan kunnen yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ba. Mu biyu ne muke gadi tun farko, ni ce ban sani ba.

Wannan bai mayar wa Baffa ƙafarsa ba. Ban ce ya wanke ni ba. Amma na fara tunanin wataƙila a cikin ciyawar nan akwai wata tsohuwar zabuwa da ƙafarta take ƙasa, wataƙila can tatsuniyar ta nufa. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Mutum ɗaya ce ta sani.

Shekaranjiya Gwaggo ta kira. Ta ce Iya ta fara rikita sunaye, tana kiran Ummi da sunan mahaifiyarmu. Sai na ji muryar Iya daga nesa tana tambaya da wa ake magana. Gwaggo ta kara mata wayar.

"Kunnen Gida?"

Na ce, "Na'am, Iya. Ina wuni? Ya jiki?"

"Jiki ya tsufa. Ke, muzurun nan fa ya gaji da kwanciya a ciyawa. Ni ma na gaji da riƙe shi. In ba ki zo ba, da shi za a binne ni."

Na kashe wayar ina kuka kamar wata sakarya, a gaban masu kawo ɗinki.

Na gaya wa uwar ɗakina ranar Alhamis ba ni nan. Na kira Ummi na ce ta shirya, ta kuma gaya wa sauran jikokin su hallara. Na je gidan Baffa da ƙafata, na durƙusa na ce ina so ya raka mu, don yana zaure yana ji aka fara ta. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya kai mu." Motar safe za mu bi. Na sayi mudun gyaɗa. Wayar a cikin durowar keke zan kulle ta. In an hura wuta ba zan hau tabarma ba, kusa da Iya zan zauna a ƙasa, in ba ta kunnuwana duka biyu, ko me muzurun ya yi.