Saniya Mai Karyayyen Ƙaho

Gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Na yi shekaru ina ba da shi yadda ba a gane haka, amma waɗanda za su ƙaryata ni duk sun rasu, ƙarya kuwa ba ta da daɗi in babu mai kama ka.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa ce, a gindin wani mangwaro a bakin Titin Bauchi a Jos. Karatuna ya tsaya a aji uku na elementare. Littafi biyu da rabi na karanta, rabin kuma ba laifina ba ne, gara ce ta riga ni kaiwa ƙarshensa. Da wannan ilmi nake zaune da tebur da kwalbar tawada, ana ce mini Malam ina amsawa.

Ina da keke, kuma ina ji da shi. Wata Laraba da rani na kai shi Naraguta in wanke a wani kududdufi da masu haƙar kuza suka bari. Mutum biyu ne ke rayuwa da ruwan nan. Gefe ɗaya lambun wani tsohon leburan kuza ne, kabeji da latas, ya kewaye shi da ƙaya. Ɗaya gefen mashayar wani Bafulatani ce, wanda in rani ya yi shanunsa ba su da wani ruwa kusa sai wannan. Hanyar da ta fi sauƙi zuwa bakin ruwa ta cikin lambun take. Na kwance igiyar ƙyauren lambun, na shiga, na wanke keke, na fito. Ban tuna da igiyar ba sai da na hau tulin ƙasa ina jiran keke ya bushe, na hango shanu sun sha ruwa sun zagayo.

Wata fara mai karyayyen ƙaho ce a gaba. Ta tsaya a bakin ƙyaure, ta shinshina, ta waigo ta dube ni, sannan ta shiga. Saura suka bi ta. Ni kuma na duba na ga keke ya bushe.

Washegari da hantsi sai ga mai lambu a gaban teburina. Ya ce, "Oga Malam, rubuta." So yake a kai wa mai unguwa takarda a hana Bafulatani ruwan gaba ɗaya. A lokacin turawan kuza sun riga sun koya wa mutanen Jos cewa magana ba ta da nauyi sai ta hau takarda.

Ya ce in fara da shanu. Na ce a'a, in ka fara da shanu ya zama labarin shanu. Na fara da bayansa: yadda ya sunkuya shekara da shekaru a ramin kuza, yadda ya ɗauki gwangwani yana ban ruwa tun iri bai tsiro ba, yadda yake kirga kwanakin kabeji. Shanu ban shigo da su ba sai a layin ƙarshe, kamar mahara.

Da azahar sai ga Bafulatanin, da sandarsa a kafaɗa. Ya ji an yi masa takarda, ya kuma san wanda ba shi da tasa an gama da shi. Duk titin ni kaɗai ke rubutu. Na ce ya zauna. Tasa na fara ta da rani, da 'yan maruƙa masu ƙishi, da rafin da mahaifinsa yake shayarwa a nan tun kafin a haƙa ramin. Kabeji ya samu layi ɗaya, na kira shi ɗan ganye.

To ga inda Shaiɗan ya shigo. Na duba wasiƙun na ga duk sun yi kyau amma ba su da ido. Labari kuwa, a ilmina na littafi biyu da rabi, sai an sa wa mai ji wani ɗan abu da zai gani. Sai na sa saniyar. A wasiƙar mai lambu ta tsaya, ta shinshina, ta waiga irin waigen ɓarawo mai duba ko ana ganinsa. A ta Bafulatani ta tarar da ƙofa a buɗe, ta tsaya, ta waiga cikin ladabi ko akwai mai hana ta, ba ta samu ba. Da na karanta wa kowa tasa, kowa ya gyaɗa kai. Mutum in ya ji kansa yana magana da kyau ba ya tambayar inda aka samo.

Ranar Asabar aka taru a zauren mai unguwa. Dattijo ne, ba ya karanta boko, don haka aka kira ni in karanta, tunda hannuna ne. Na jingine keke a ƙofa, na gyara murya. Da na gama ta farko, zaure ya ce lallai a kori shanu daga ruwan. Bafulatani ya sunkuyar da kai. Da na gama ta biyu, mutanen nan dai suka koma hararar mai lambu, wani ma ya ce ɗan ganye ne fa. Ni kuwa ina zaune ina kumbura. Mutum ɗaya ya juya zaure sau biyu da alƙalami ɗaya.

Mai unguwa ya ce in maimaita wurin saniyar, a duka biyun. Na maimaita, har da ƙarin lanƙwasa murya.

Ya tambayi mai lambu inda yake lokacin. Ya ce yana kasuwa. Ya tambayi Bafulatani. Ya ce yana sallar la'asar a bayan dutse, ya ba shanun baya.

"To wa ya ga ta waiga?"

Ya sake tambaya: daga ina ne mutum zai ga bakin ƙyaure, ya kuma ga fuskar saniya? Wani ya ce sai dai daga kan tulin ƙasa. Sai mai lambu ya ce shi dai ya ga sawun taya a tsakanin kunyoyinsa, da kumfar sabulu a bakin ruwa, amma da ya faɗa mini na ce wannan ba ya cikin labari.

Duk zauren ya juya ƙofa. Keken yana nan yana ƙyalli. Ban taɓa ganin abu mai tsabta irin wannan ba.

Na yi musu bayani. Na ce marubuci yakan hango abu da idon zuci. Mai unguwa ya ce bai san idon zuci yana da taya ba. Ya yanke cewa shanu za su ci gaba da shan ruwansu, ni kuma zan yi wa mai lambu ban ruwa kullum da safe har sabon kabeji ya naɗe.

Da aka fito, na ga ya kamata in tafi da ɗan abin da ya rage na malanta. Na tare Bafulatanin, wanda duk zaman bai yi magana goma ba. Na ce ya dai shaida babu ƙarya ko ɗaya a wasiƙun nan, na ba da labarin kowa ta wurin da yake tsaye, babu kuma wanda na bari a baya.

Ya ɗora sanda a kafaɗa ya ce, "Ka bar saniyar, Malam. Ita ba ka rubuta mata ba, ita ce kuwa ta gan ka."