Baƙin Mutum-mutumi a Bakin Taga

Ban taɓa shiga aji ba, takarda ba ta ce mini komai. Amma abin da aka jera a gabana ina gane shi sarai, kuma abin da na gani a bakin tagar ɗana, shekarar da matarsa ta rasu, ya hana ni cin abinci.

A Makera muke lokacin. Ɗana yana aiki a masaƙa a Kakuri tare da ɗan hayarmu, wani mutumin Filato mai yawan dariya. Shi ya zo da wani wasa, da littafinsa na Turanci. Ran Lahadi in ya dawo daga coci sai su zauna da ɗana da abokansu, su biyar, a gindin mangwaro, shi yana ba da labarin dodanni da koguna, sauran kowa da mutuminsa a cikin labarin, suna jefa ƙwaya irin ta ludo. Sati uku ina sa ido, na ga ba caca ba ce, na ƙyale su.

A wasan, in mutuminka ya yi nisa sai ka zaɓa masa babban matsayi, kuma ba a canzawa. Kan wannan suke musu kamar za su daku. Ɗana ya ƙera mutum-mutumin kowane matsayi da yumɓu ya jera a bakin taga, wanda ya fi so yana kusa da ƙofa. Jarumi mai rantsuwa ne a gaba, sai maharbin daji, sai mai warkarwa. Can ƙarshe akwai wanda ya shafa wa baƙin tukunya, mai tayar da matattu. A da yakan ce wannan ko kyauta ba ya so.

Bayan sadakar arba'in ɗin matarsa ina shara na ga baƙin ya wuce mai warkarwa. Na ce ko iska ce. Bayan sati biyu ya wuce maharbi. Da na ɗaga shi na ga an ɗaura masa ƙyalle a wuya, na atamfar da marigayiyar ta fi ɗaurawa. Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu. A satin nan wata maƙwabciya ta ce ta ga ɗana a unguwar Mahuta yana tambayar gidan wani boka. Yaron da ba ya fashin jam'i! Na tabbata in ya zaɓi baƙin nan a wasa, ƙafarsa za ta kai shi gidan bokan da gaske.

Ranar zaɓin na ɗauko kujerata na dasa a tsakiyarsu.

"Mama, yau ke ma za ki yaƙi dodo?" in ji mutumin Filato.

"Rufe mini baki. Tambaya na zo yi."

Na kwaso mutanen yumɓun na jera su a tabarma yadda nake so, mai warkarwa a gaba. Ɗana bai ɗago ba. Ya ce, "Inna, wannan ai ba ya zuwa da wuri."

Na san rasuwar matarsa yake nufi. Na nuna baƙin na ce wa mai littafi, "Kai da ka iya karatu, wanda wannan ya tayar, yana gane mutanensa? Kada ka yi mini ƙarya."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya buɗe littafin ya daɗe yana bi da yatsa, ko da yake na ga alama ya san amsar.

"Ba ya ganewa, Mama. Yana tafiya, yana yin abin da aka ce. Amma ko sunansa aka kira ba ya waiwaya."

Ɗana ya juya baƙin a hannunsa har na fara salati a zuci. Sai ya kwance ƙyallen, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce maharbi ya zaɓa. Ɗaya daga cikinsu ya ce maharbi ai na ragwaye ne, musu ya tashi, na kwashe kujerata.

Mahuta dai ban sake jin ya je ba. Amma bai fasa baƙin ba, ya mayar da shi bakin taga a na biyu. Shekara uku, har muka bar gidan, kullum kafin in ɗora tukunya sai na leƙa in ga ko ya matsa.